Yadda Ake Yanka Katako da Injin Rauta Bisa Fatan

A warshoshin kafintoci da ke Jidda na sha ganin yaranmu Hausawa sun sayi rauta mai tsada, wato injin da ke sassaƙa gurbi a jikin katako, sun zauna sun yi fatan mai kyau, wato allon samfurin da injin ke bin gefensa, amma da suka zo kafa hinjin ƙofa sai gurbin ya ƙi karɓarsa. Laifin ba na injin ba ne, lissafi ɗaya ne aka tsallake.

Da farko a yi fatan ɗin da allon MDF, wato na garin katako da aka matse, ko filawud mai kaurin milimita 12. Ni filawud nake zaɓa, domin danshin Jidda yana kumbura gefen MDF idan ya daɗe a ajiye, ko da yake MDF ɗin ya fi araha. A goge gefen sosai, saboda duk wani ɗan tudu da ke jikin fatan, injin zai kwafe shi a kan kowane katako da aka yanka.

Sai batun tazara, wanda a nan ne akasari ake faɗuwa. Zoben ƙarfen da ake ɗaurawa a ƙasan injin, wato bushin, shi ne yake bin gefen fatan, bakin yankan kuwa yana tsakiyarsa, don haka yankan ba ya faɗawa daidai kan layin fatan. A cire faɗin baki daga faɗin bushin na waje, a raba abin da ya rage gida biyu. Idan bushin milimita 16 ne, baki kuma 12, tazarar ita ce milimita 2 a kowane gefe, ke nan hinji mai tsawon milimita 100 yana buƙatar rami mai 104 a jikin fatan. Ina sabon shiga na yanke ramin daidai da hinjin, na bi ƙofofi shida na katakon da ake kira zan, kowane gurbi ya gaza da milimita 4, na wuni ina gyara da kurfi maigida yana tsaye a kaina. A rubuta girman bushin da na baki a jikin fatan da alƙalami, domin bayan wata biyu ba mai tunawa. Wanda ba ya son lissafi ya sayi baki mai boris da ya yi daidai da faɗin wuƙarsa, wannan yana kwafe fatan ba tare da tazara ba.

A lura kuma da ƙotar bakin. A kasuwa ana samun mai milimita 12 da mai rabin inci, wato 12.7, kuma ido ba ya bambance su. Wanda aka sa a mariƙin da ba nasa ba yana iya zamewa ana cikin aiki.

A matse fatan a kan katakon ta wuri biyu aƙalla, a sauke baki kamar milimita 3 a kowane zagaye. A cikin rami a bi da injin yadda hannun agogo ke tafiya, a gefen waje kuma a yi akasin haka. A fara gwadawa a kan guntun katako, a sa hinjin a gani, sannan a taɓa ƙofar mutane.