Yadda Ake Sabunta Tsohon Kod na Manhajar Zane ta Burauza da Daidaita Gajerun Maɓallanta

Duk wanda ya gāji manhajar zane da aka rubuta shekaru goma sha da suka wuce, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne ya share komai ya sake rubutawa daga tushe. Na sha ganin masu koyo sun bi wannan hanya, kuma bayan wata biyu sabuwar manhajar takan fi tsohuwar kyau a ido, amma Ctrl+Z ba ya mayar da zane, kibiyoyi ba sa matsar da siffa, masu amfani kuwa sun fusata domin hannunsu ya riga ya saba. Mai zane yana riƙe da linzami a hannu ɗaya, ɗayan hannun kuma ba ya barin allon madannai, saboda haka gajerun maɓallai rabin manhajar ne.

Mataki na farko shi ne ƙidaya. Kafin ka canza ko layi ɗaya, ka bincika dukkan fayilolin ka nemo kowane wuri da aka rubuta keydown, keypress, keyCode ko which, wato kalmomin da kod ke gane danna maɓalli da su, ka rubuta jerin maɓallan da aikin kowanne. Za ka tarar da wasu a warwatse cikin fayiloli biyar, wasu ma biyu suna rigima a kan maɓalli ɗaya. Sannan ka rubuta gwaje-gwaje da Playwright, kayan aikin da ke sarrafa burauza da kansa, waɗanda za su zana murabba'i, su danna Delete, su danna Ctrl+Z, su tabbatar murabba'in ya dawo. Aikin yini biyu ne mai gundura, amma wanda ya tsallake shi zai biya ninkinsa daga baya.

Mataki na biyu shi ne raba babban fayil ɗin zuwa ƙananan sassa da import da export, tsarin da ya shigo JavaScript a 2015, tare da maye gurbin var da const ko let. Kada ka cire jQuery, tsohon ɗakin kod na JavaScript da irin waɗannan manhajoji ke dogaro da shi, a wannan lokaci. Ka bar shi yana aiki, ka riƙa rage shi sashe bayan sashe. Kada kuma ka jawo React, tsarin gina fuskar shafi, don kawai ana yayinsa, domin zuciyar manhajar tana cikin canvas ko SVG ne, wato inda ake yin zanen, kuma sabon tsari ba zai gyara maka can ba. Vite kaɗai ya isa wajen haɗa fayilolin.

Mataki na uku shi ne tattara gajerun maɓallan a tebur guda, da mai sauraro guda na keydown, wato kod ɗin da ke jiran a danna maɓalli, a kan document, wato shafin gaba ɗaya. Kowane layi a teburin ya ƙunshi haɗin maɓallan da sunan umarnin da zai kira, kuma umarnin da maɓalli ke kira ya zama shi ne wanda menu ke kira, ba kwafinsa ba. A nan ne za ka rabu da keyCode, wanda ke ba ka lamba 90 a madadin Z kuma an daina ba da shawarar amfani da shi. Magadansa biyu ne: key yana faɗin harafin da aka samar, code kuma yana faɗin gurbin maɓallin a jikin allo. Bambancin yana da muhimmanci, domin a allon Jamusanci Z da Y sun yi musayar gurbi, a na Faransanci kuma Z tana inda W take. Ƙa'idata ita ce a yi amfani da key ga duk gajeriyar hanya da ake tunawa da harafinta, a koma ga code kawai idan key bai ba da harafin boko ba, kamar yadda ke faruwa a allon Larabci ko na Rashanci. Ka riƙa mayar da harafin ƙarami kafin kwatantawa, tun da Shift da Caps Lock suna sa shi ya zo babba, kuma a kwamfutar Mac ka duba metaKey a inda sauran ke duba ctrlKey.

Mataki na huɗu shi ne wanda ya taɓa kayar da ni, kuma shi ne ya fi kayar da mutane: gane lokacin da mai amfani yake rubutu. Manhajar zane tana cike da maɓallai marasa rakiya, kamar R don murabba'i ko Backspace don share abin da aka zaɓa, kuma dole su yi shiru muddin mutum yana cikin akwatin rubutu. Tsohon kod yakan duba event.target, wato ɓangaren shafin da aka danna maɓallin a cikinsa, idan input ne ko textarea sai ya janye. Ni ma na bar wannan dubawar yadda na same ta, sai na mayar da akwatin sunan shimfiɗar zane cikin sabon ɓangare mai Shadow DOM, wato inuwar da ke ɓoye abin da ke cikin ɓangare daga sauran shafin, gwaje-gwajena duka suka wuce lafiya. Kwanaki kaɗan bayan haka wata mai amfani ta rubuto cewa tana gyara sunan shimfiɗa, ta danna Backspace don goge harafi, sai siffofin da ta zaɓa suka ɓace, kowane harafi da ta buga kuma yana sauya mata kayan aiki. Na kwana ina neman laifin a cikin umarnin sharewa, alhali ba can yake ba. Idan aukuwa ta fito daga cikin Shadow DOM, burauza tana sauya target ya zama ɓangaren waje da ya lulluɓe akwatin, saboda haka mai sauraron da ke kan document bai taɓa ganin input ba. Maganin shi ne a ɗauki abu na farko daga composedPath(), a duba ko input ne, ko textarea, ko select, ko kuma isContentEditable ɗinsa gaskiya ne. Wannan yana aiki ne idan an buɗe inuwar da yanayin open, kuma ban ga dalilin da zai sa ka rufe taka ba.

A wuri ɗaya ka ƙara dubawa biyu. Idan isComposing gaskiya ne, mutum yana tsakiyar haɗa harafin Sinanci ko Japananci, sai ka janye. Na biyun shi ne AltGr, maɓallin da ke fitar da ƙarin haruffa a wasu alluna, wanda Windows ke iya nunawa a matsayin Ctrl da Alt tare, ta yadda mai rubuta Polanci da ya danna AltGr da S don samun ś zai iya faɗawa cikin umarninka na adanawa, wato Ctrl+S, harafinsa ya salwanta. Ka duba getModifierState da AltGraph, kuma ka kwatanta dukkan maɓallan rakiya huɗu, wato Ctrl da Alt da Shift da Meta, daidai, kada ka tsaya ga ctrlKey kaɗai. Escape ne kawai nake bari ya wuce ko da ana rubutu.

Mataki na biyar ya shafi preventDefault, wanda ke hana burauza yin aikin da ta saba yi da maɓalli. Ka kira shi bayan ka sami layi a teburin da ya dace, ba kafin nan ba, in ba haka ba za ka kashe Tab da masu dogaro da allon madannai ke yawo da shi. Kada ka ɓata lokaci a kan Ctrl+W, Ctrl+T da Ctrl+N, domin Chrome ba ya miƙa su ga shafi na yau da kullum. Ka bar repeat, wato maimaituwar da ke zuwa idan an riƙe maɓalli, ya yi aiki ga kibiyoyi, ka hana shi ga sauya kayan aiki. Idan riƙe Space ne ke jan zane, ka saurari blur na window, wanda ke zuwa idan an bar tagar, ka saki yanayin, domin wanda ya koma wata taga yana riƙe da maɓallin ba zai aiko maka da keyup ba; a Mac ma keyup na haruffa ba ya zuwa muddin ana riƙe da Cmd.

Sauran aikin mai sauƙi ne. Ka maye gurbin aukuwar linzami da ta taɓa allo da pointerdown da 'yan uwansa, ka ba masu sauraronka AbortController guda don cire su gaba ɗaya idan an rufe manhajar, ka sa tagar taimako ta riƙa karanta jerinta daga teburin nan, sannan ka cire jQuery idan bincike ya nuna babu sauran mai kiransa, ka sake gudanar da gwaje-gwajen mataki na farko a Chrome da Firefox da WebKit, injin Safari.