Kurakuran da masu kai jari ƙasashe masu tasowa suka fi tafkawa, da yadda ake gyara su

Duk wanda ya taɓa zama inda ake tallata shiga sabuwar ƙasa da kasuwanci ya san yadda ake buɗe zancen. Wani zai miƙe ya haska taswira a bango ya ce jama'a ku duba fa, Indiya mutum sama da biliyan 1.4, Indonesiya sama da miliyan 270, Brazil sama da miliyan 200, ai ko kashi 1 cikin 100 muka samu mun haye. Kowa ya gyaɗa kai. To tun daga nan lissafi ya fara karkacewa, don yawan kawuna daban, yawan masu iya zaro kuɗi su sayi kayanka daban, kuma ko masu kuɗin ma ba lallai su so abin yadda ka saba sayar da shi ba.

Kamfanin Home Depot na Amurka, masu sayar da kayan gini da gyaran gida, sun shiga Chaina a 2006 suna ganin ana ta gina gidaje ba ƙaƙƙautawa. Abin da ba su auna ba, cinikinsu a gida ya ginu ne kan mutumin da zai sayi fenti da guduma ya yi aikinsa da hannunsa, can kuwa leburanci na da araha, mai gida ma'aikaci yake kira, shi kuma ma'aikacin yana da inda yake sayayyarsa tun tuni. A 2012 suka rufe manyan shagunan da suka rage musu. Ford ma a 2021 ya sanar da daina ƙera mota a Indiya bayan asarar sama da dala biliyan 2 cikin shekara 10, alhali a ƙasar nan dai Suzuki na Japan, da ya shiga tun farkon shekarun 1980 da 'yar ƙaramar mota mai araha, har yau shi ke riƙe da kaso mafi tsoka. Gyaran nan ba wani boyayyen ilimi ba ne, ka bar ƙidayar ƙasa ka koma ƙidayar gidaje nawa ne a birni kaza suke da rarar da za su sayi kayanka a farashin da ba za ka faɗi ba, sannan ka fara da birni ɗaya ko biyu. Kuma ka je da ƙafarka, zuwa da kai ya fi aike.

Sai masu ɗaure ƙasashen nan a dami ɗaya. Sunan "kasuwanni masu tasowa" ɗin ma wani ma'aikacin Bankin Duniya ne, Antoine van Agtmael, ya ƙirƙiro shi a 1981 don masu jari su ji daɗin kalmar, haka BRIC, wato Brazil, Rasha, Indiya da Chaina, Jim O'Neill na bankin Goldman Sachs ne ya haɗa ta a 2001. Lakabi ne kawai. M-Pesa, hanyar aika kuɗi ta wayar hannu, ta fara a Kenya a 2007 ta zama ruwan dare, aka ɗauke ta aka kai Afirka ta Kudu a 2010, a 2016 aka naɗe tabarmarta, saboda can yawancin mutane suna da asusun banki da kati, ƙishirwar da ta kashe a Kenya babu ita a can. In abu ya ci a wata ƙasa, tambayi kanka wace matsala ya warware, kuma matsalar tana nan a inda za ka?

Amma ni a ganina babban ramin da ya fi cinye mutane shi ne canjin kuɗi, kuma abin haushi shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, a sa shi a layi ɗaya can ƙarshen takarda. Bari mu ɗauki alƙalami. A ce ka kai dala miliyan 1 Masar a Oktoban 2016, lokacin dala tana wajen fam 8.8 a hukumance, ka samu fam miliyan 8.8 kenan. Ka yi ciniki mai kyau, riba kashi 30 cikin 100, kuɗinka ya zama fam miliyan 11.4, manajanka na can yana ta turo saƙon murna. To ai a ranar 3 ga Nuwamban shekarar babban bankinsu ya saki fam ya nemi darajarsa da kansa, kafin shekara ta ƙare dala ta kai wajen fam 18. Raba miliyan 11.4 da 18, ka tashi da dala dubu 635 ko kusa da haka. Ka ci riba a fam, ka yi asarar sama da sulusin uwar kuɗinka a dala, kuma babu wanda ya sace maka ko sisi. A Maris 2024 aka sake kwatawa, daga wajen 31 zuwa kusan 50.

Wanda ya fi wannan shiga uku shi ne mai cin bashi da dala yana sayarwa da kuɗin ƙasa. Abin da ya karya kamfanoni kenan a Asiya a 1997, Tailan ta saki kuɗinta a watan Yuli, gobarar ta tsallaka Indonesiya, rufiya daga wajen 2,400 kan dala ɗaya ta wuce 15,000 a 1998, mutum yana kwance bashinsa ya ninka sau shida shi bai ƙara cin ko kwabo ba. Sannan akwai wanda kuɗinsa na nan a banki amma ba dalar da za a ba shi ya fitar, kamar yadda biliyoyin dalolin kamfanonin jiragen sama suka maƙale a Benezuwela, da yadda Ajantina ta sha ƙulle ƙofar canji tun daga 2011, kana kallon kuɗinka hauhawar farashi na gutsurarsa kullum.

Yadda ake rage wannan, in dai da hali ka ci bashi da irin kuɗin da kake sayarwa da shi, ko da ruwan ya fi tsada. Ka sayi kayan aiki a cikin ƙasar gwargwadon iko don kashewa da samu su zama da kuɗi ɗaya. Ka yi lissafinka sau uku, canjin yau, canji ya faɗi da kashi 30, canji ya faɗi da rabi, in a na ukun kasuwancin mutuwa zai yi murus to jarin da za ka sa ya yi yawa. Kuma akwai alamar da ba ta ƙarya, in ka ga tazara mai faɗi tsakanin canjin hukuma da na bayan fage, asusun ajiyar waje na ƙasar kuma yana raguwa, karya darajar kuɗi na tafe ko da gwamnan babban banki ya rantse. Kafin ka sa hannu nemi wani kamfanin waje da ke can ka tambaye shi abu ɗaya, ribar bara wata nawa ta ɗauka kafin ta iso gida?

Dokoki kuma suna juyawa. Vodafone ya sayi kamfanin waya a Indiya a 2007, hukumar haraji ta biyo shi, ya yi nasara a kotun ƙoli a 2012, sai majalisa ta gyara dokar ta mayar da ita baya ta kamo cinikin da aka riga aka gama, ba a soke wannan ba sai 2021. A 2012 ɗin Ajantina ta karɓe kashi 51 na kamfanin mai na YPF daga hannun Repsol na Sifaniya. Indonesiya ta hana fitar da ɗanyen nikel a 2020, ta ce mai so ya zo ya kafa masana'anta. Kuskuren a nan shi ne jingina da alƙawarin minista ɗaya, minista kuwa sauka yake. A rubuta a yarjejeniya inda za a yi sasanci in rigima ta tashi, a duba ko ƙasar ta sa hannu a yarjejeniyar New York ta 1958 wadda ke sa a mutunta hukuncin masu sasanci na waje, a kuma nemi inshorar haɗarin siyasa irin ta MIGA, reshen Bankin Duniya da aka kafa a 1988. Sai dai fa hukunci a takarda ba kuɗi ba ne, karɓarsa kan ci shekaru.

Abokin haɗin gwiwa, nan ma ana kwasar kashi. Danone na Faransa, mai kayan abinci da na sha, ya riƙe kashi 51 a haɗin gwiwarsa da Wahaha na Chaina da aka kafa a 1996, yana ganin shi ne mai gida, a 2007 rigima ta fashe kan wa ke da sunan kayan da kuma wasu kamfanoni na gefe da ke sayar da irinsu, a 2009 ya sayar da kasonsa ya fita. Kashi 51 ba ya nufin komai in masana'anta, ma'aikata, dillalai da littafin kuɗi duk a hannun ɗayan suke. Yi rajistar tambarinka da sunanka tun kafin ka sauka, ka sa naka akanta, kuma ka yi hattara da wanda jarinsa kawai shi ne "na san manya".

Ana cewa in ka je gari ka ga kowa da wutsiya kai ma ka nemi taka ka ɗaura, gaskiya ne a wajen ƙunshin kaya da farashi da yadda ake biya, amma ban da cin hanci. Dokar Amurka ta 1977 da ta Birtaniya ta 2010 suna bin kamfani har ƙasar waje, ko da dillali ne ya miƙa a madadinka. Siemens ya biya wajen dala biliyan 1.6 ga hukumomin Amurka da Jamus a 2008 kan wannan. Jadawalin da ake jera ƙasashe kuma, a karanta amma kar a mayar da shi alƙibla, Bankin Duniya da kansa ya daina fitar da rahotonsa na sauƙin kasuwanci a 2021 bayan an gano an taɓa alƙaluma. Mai kliyarin da zai gaya maka kwana nawa kwantena ke yi a tasha ya fi shi amfani.

Sai wanda kusan ba mai son a tayar a ranar murna, wato ƙofar fita. Wa zai saya in ka tashi tafiya, da wane kuɗi, gwamnati za ta yarda? Uber yana ƙona wajen dala biliyan 1 a shekara a Chaina, a 2016 ya miƙa wa Didi, kishiyarsa ta can, kasuwar ya karɓi hannun jari, ya fita da wani abu a hannu don ya sayar tun yana da abin sayarwa. BP kuwa, kamfanin mai na Birtaniya, yana riƙe da kusan kashi 20 na Rosneft, kamfanin mai na Rasha, da yaƙin Yukren ya ɓarke a 2022 sai da ya goge sama da dala biliyan 20 daga littafinsa, ba mai saye ba hanyar fitarwa. Don haka tun ranar farko a rubuta adadin asarar da in an kai za a tsaya, da watan da za a zauna a duba, kuma wanda zai yanke hukuncin kar ya zama shi ne wanda ya haska taswirar nan a bango.