Ƙaramin jirgin ruwa kan tirela: kurakuran da aka fi yi kafin mahaukaciyar guguwa

Mai ƙaramin jirgin ruwa, irin wanda ake ɗorawa kan tirela a ja shi da mota, yana da wata dama da masu manyan jirage ba su da ita, domin jirginsa yana da taya. Babban jirgin da ke ɗaure a tasha, iyakar abin da za a yi masa shi ne a ƙara igiya, a bar wa Allah sauran. Ƙarami kuwa ana iya tsamo shi daga ruwa a kai shi inda ruwan ba zai bi shi ba. Amma duk da wannan dama, bayan kowace guguwa sai ka ga hotunan ƙananan jirage a kife a tsakiyar titi, wani ya haye katangar maƙwabci da tirelarsa maƙale a ƙarƙashinsa. Lokacin guguwar Sandy a 2012, ƙungiyar masu jirage ta BoatUS ta ƙiyasta cewa jirage sama da 65,000 ne suka lalace ko suka salwanta a gabashin Amurka, kuma da yawansu a doron ƙasa suke lokacin da ruwa ya zo ya kwashe su. Fitar da jirgi daga ruwa rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne inda aka fi tafka kuskure.

Jiran sanarwa

Lokacin guguwa a tekun Atlantika sananne ne, daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, kuma abin ya fi tsanani daga tsakiyar Agusta zuwa tsakiyar Oktoba. Cibiyar da ke sa ido kan guguwa a birnin Miami na jihar Florida a Amurka tana fitar da sanarwar a zauna cikin shiri awa 48 kafin, sannan gargaɗi awa 36 kafin. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, waɗannan awoyi ana ƙirga su ne zuwa lokacin da iska mai gudun kilomita 63 a awa za ta fara kaɗawa, tun tsakiyar guguwar tana nesa. Da zarar iska ta kai haka, jan tirela ya zama ganganci, kuma a wurare irin Florida nan ne hukuma kan fara rufe dogayen gadoji. Ƙara da layin da ke gangaren fitar da jirage, da shagunan da igiya da bel suka ƙare a cikinsu, da cunkoson masu barin gari. A tsibiran Florida Keys babbar hanya ɗaya ce tal ta fita.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun farkon Yuni ya kamata mutum ya san inda zai kai jirginsa, ya nemi izinin mai wurin, ya kuma sayi kayan ɗauri ya ajiye. A nan ne ma ya dace ya duba tirelar kanta, wadda ita aka fi mantawa da ita. Tirelar da ake tsomawa cikin ruwan gishiri, sannan a bar ta watanni a rana, tayoyinta suna tsattsagewa ko da zanensu bai cinye ba, boris ɗinta yana shan ruwa ya yi tsatsa. Ka ɗaga kowace taya da jek ka juya ta da hannu. In ka ji gurnani, ko ta yi lilo idan ka girgiza ta, a canza boris a cika giris. Ka gwada fitilun baya, ka tabbata safaya tana da iska. Taya ta fashe maka a hanyar da dubban motoci ke gudun guguwa, ba kai kaɗai abin zai shafa ba.

Tsoron iska, manta ruwa

Wannan shi ne babban kuskuren, kuma daga gare shi sauran suke fitowa. Ana auna ƙarfin guguwa da gudun iskarta, daga mataki na 1 da ke farawa a kilomita 119 a awa zuwa mataki na 5 da ke farawa a 252, shi ya sa hankalin kowa ke kan iska. Amma ma'aunin bai ce komai ba game da tumbatsar teku, wato ruwan da iska ke turowa ya hau ƙasa. A 2005 guguwar Katrina ta ɗaga ruwa sama da mita 8 a Pass Christian da ke jihar Mississippi. A 2022 guguwar Ian ta kai shi wajen mita 4 da rabi a Fort Myers Beach da ke jihar Florida. Ita ma Sandy da ta yi wa jirage waccan ɓarna, iskarta ba ta kai ta waɗannan ba.

Mutum zai fitar da jirginsa ya ajiye a filin ajiye motoci na tashar, taku kaɗan daga bakin ruwa, ko a bayan gidansa da ke gefen mashigi, ya ɗaure shi tamau ya ce ya gama. To, jirgi an ƙera shi ne don ya yi iyo. Ruwa na kaiwa cikinsa zai tashi, ya ɗauki tirelar ya tafi da ita. In kuma an ɗaure shi da ƙasa har ya kasa tashi, ruwan ya haye shi ya cika shi, injin ya sha gishiri. Ko ta ina asara ce. Maganin guda ne, a kai shi tudu. Hukumomin yankunan da guguwa ke yawan shafa suna da taswirar unguwannin da ake kwashe mutane saboda tumbatsa. In wurin da ka zaɓa yana ciki, bai yi ba. Kada kuma nisa da teku ya ruɗe ka, domin kwari da bakin rafi suna cika da ruwan sama ko da suna can cikin ƙasa.

In an samu tudun, sai a ɗaga kai a dubi sama. Gindin babbar bishiya yana kama da mafaka, amma idan ƙasa ta jiƙe ta yi laushi saiwa ba ta riƙewa, kuma reshe ɗaya ya isa ya fasa jirgi. Haka turakun lantarki da wayoyinsu. Jikin gini mai ƙarfi yana tare iska, sai dai a tuna iskar guguwa tana juyawa, bangon da ya kāre ka da yamma zai iya barinka a fili da asuba. Wanda ke da gareji a wurin da ruwa ba ya kaiwa, shawarata ya sa jirgin a ciki ya bar motar a waje. Mota ta fi nauyi, ta fi jure iska. Amma a tokare ƙofar garejin daga ciki, don ita ce ta fi rauni a ginin.

Ɗaurin da bai kai ɗauri ba

Igiyar da ake jawo jirgi da ita kan tirela, da bel guda biyu na baya, an yi su ne don tafiyar hanya. Mutane da yawa a nan suke tsayawa. Wasu kuma su ɗaure jirgi da tirela sosai, su manta tirelar kanta ba a ɗaure take da komai ba. Ƙarfin bugun iska ba ya ƙaruwa daidai da gudunta: in gudu ya ninka biyu, bugun ninkawa huɗu yake yi. Jirgin da ya tsaya lafiya a iskar kilomita 100, a ta 200 nauyin da ke tura shi ya ninka huɗu, ga shi a ɗage kan tirela iska na shiga ta ƙarƙashinsa.

Ɗauri biyu ne. Na farko, jirgi da tirela: bel mai faɗi, irin mai maɗaurin ƙarfe, a gaba da tsakiya da baya, a zagayo da shi ta jikin ƙarfen tirelar. Duk inda bel ya hau kaifi ko kusurwa a sa tsumma mai kauri ko guntun tiyo, domin awoyi da yawa na jijjiga suna cinye igiya har ta tsinke. A ɗan bar hannu wajen matsewa, tunda jirgin roba ko na alminiyam yana lotsewa. Na biyu, tirela da ƙasa: turakun ƙarfe masu murɗi da ake juyawa su nutse cikin ƙasa, guda huɗu aƙalla, ɗaya a kowace kusurwa, igiyoyin su fita a karkace ta fuskoki huɗu. Kamar dabbar da aka yi wa turke ɗaya ce, duk inda aka kora ta sai ta zagaya, to haka tirelar da aka ɗaure ta gefe guda take yi idan iska ta juya. A ƙasa mai yashi sai turke ya yi tsawo kafin ya kama. Shingen katako, bututun ruwa, da sandar rumfa ba abin ɗaurewa ba ne, su ma tafiya za su yi.

Sai tayoyi. A sa musu waigi gaba da baya, a rage musu iska kaɗan don tirelar ta zauna ta daina tsalle. A cusa guntayen katako tsakanin jikin tirela da sandar da ke riƙe tayoyi, ta yadda in nauyi ya ƙaru ba sifirin zai ɗauka ba.

Maganar toshiyar ramin ruwa

A bayan jirgi, can ƙasa, akwai ƙaramin rami da ake toshewa kafin a shiga ruwa. A cire toshiyar ko a bar ta? Nan masu jirage suka rabu, kuma kowane ɓangare yana da hujja, don haka ya kamata a yi lissafin a fili.

Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, lita ɗaya kuma kilo ɗaya. Buɗaɗɗen jirgi mai tsawon mita 5 da faɗin mita 2 yana tarar ruwa a fili kamar murabba'in mita 8. In aka yi ruwan milimita 250, wanda ba abin mamaki ba ne a guguwa, lita 2,000 ke nan, tan biyu, a kan tirelar da wataƙila duk abin da aka ƙera ta ta ɗauka bai kai haka ba. Guguwar Harvey a 2017 ta zubar da sama da milimita 1,500 a wani yanki na Texas. Wanda ya manta toshiyar a ciki zai dawo ya tarar sifirin ya karye, taya ta fashe, ko cikin jirgin ya tsage a inda yake zaune kan tirela.

Saboda haka ga yawancin jirage, a cire ta. Amma cirewa kawai ba ta isa ba. Dole a ɗaga gaban tirelar yadda ruwa zai gangara baya, a dasa shi kan bulo ko katako mai kauri maimakon a bar shi kan ƙaramar tayar jek. Sannan a share cikin jirgin tas. Ramin bai fi kaurin babban yatsa ba, ganye uku da guntun leda sun isa su toshe shi, kuma guguwa ganye take kawowa da yawa. Ɗan ragar waya da aka lanƙwasa a kan bakin ramin daga ciki yana taimakawa ƙwarai.

Masu cewa a bar toshiyar har a zuba ruwa da gangan, suna magana ne kan jirgi marar nauyi, irin kwale-kwalen alminiyam da mutum biyu za su ɗaga, wanda iska za ta yi wurgi da shi. Dabarar tana aiki, amma da sharaɗi: babu inji ko waya ko batir a cikinsa, kuma an tallafe nauyin. Irin wannan jirgi ma ya fi kyau a sauke shi ƙasa gaba ɗaya, a ɗaure shi da turaku, sannan a zuba ruwan. Ɗaukar wannan shawara a yi amfani da ita kan jirgi mai inji a ciki lalata shi ne da hannunka. Kada kuma a dogara da famfon da ke fitar da ruwa da kansa, domin da batir yake aiki, batir kuma zai mutu tun ruwa bai ɗauke ba.

Rufe jirgi da tamfol

Niyya ce mai kyau, mutum yana son ya kāre kayansa. Amma tamfol a iskar guguwa ko ya yage cikin mintuna, igiyoyinsa da ƙarafan bakinsa su yi ta dukan jikin jirgin, ko ya kumbura ya ja jirgin ya kifar da shi. A cire shi. A cire rumfar inuwa da ƙarafanta, da eriya, da kujerun da ke fita, da rigunan iyo, da sandunan kamun kifi, da akwatin ƙanƙara. Duk abin da hannu zai iya ɗagawa, iska za ta ɗaga ta jefa tagar wani. Na'urorin lantarki da batir a kai su cikin gida a ɗora a sama. In injin baya ƙarami ne a kwance shi, in babba ne a sauke shi tsaye a tallafe shi. Tankin fetur na hannu a fitar da shi, amma kada a shigar da shi ɗakin kwana ko kusa da janareta, tururinsa kaɗai ya isa ya tada gobara.

Kafin a bar wurin a ɗauki hoton jirgin ta kowane gefe, da yadda aka ɗaure shi, da lambar da ke jikin bayansa, da ta inji, da ta tirela. Takardun rajista da na inshora su bi mai su cikin leda, kada a bar su a jirgi. A karanta takardar inshorar tun da wuri, domin wasu kamfanoni suna da sharaɗi na daban kan guguwar da aka raɗa wa suna, kuma da yawa ba sa karɓar sabon rajista idan ta riga ta doso.

Fita duba jirgi

Wannan kuskuren shi ne mai cin rai. Mutum yana ɗaki ya ji wani abu yana bugawa, ya ce bari ya leƙa ya ƙara matse bel. A waje kwanon rufi da rassa ne ke yawo a iska. In cibiyar guguwar ta ratsa ta kanku, iska za ta kwanta, wani lokaci har sama ta washe, sannan ta dawo daga ɗaya gefen da cikakken ƙarfinta ba tare da sallama ba. Duk abin da ba a ɗaure ba kafin iska ta fara, a ƙyale shi.

Bayan hukuma ta ce an iya fita, a kula da wayoyin lantarki da suka faɗo, musamman inda ruwa ya kwanta. In ruwan gishiri ya taɓa injin kada a tada shi don gwaji, a wanke shi da ruwan daɗi a kai wa makaniki a ranar in da hali, tunda tsatsa tana farawa ne da zarar iska ta shiga. Kafin a ja tirelar, a cire katakon da aka cusa, a mayar wa tayoyi iskarsu, a sake duba boris idan ruwa ya kai su, a kuma mayar da toshiyar ramin kafin jirgin ya sake taɓa ruwa.