Yadda za ka karanci Freud a darasin girman yara ba tare da kanka ya ɗaure ba

Duk wanda ya shiga kwalejin ilimi ko ya ɗau kwas na saikoloji a jami'a sai ya haɗu da Sigmund Freud, kuma yawanci a mako ɗaya ake gama da shi, lakcara ya karanto matakai biyar ya wuce, a bar ɗalibi da handawut da kunya, don wasu kalmomin ma ba ka iya maimaita su a gaban babanka. Wasu su haddace don jarabawa, wasu su ce ai shirmen bature ne su rufe takarda. Gaskiya duka biyun asara ce, tunda gobe kai ne za ka tsaya gaban yara a aji.

Ka fara da sanin mutumin da garin da ya zauna. Likitan jijiyoyi ne, an haife shi a 1856, kusan duk rayuwarsa a Biyana babban birnin Ostiriya ya yi ta, sai a 1938 da 'yan Nazi suka karɓe ƙasar ya gudu Landan saboda shi Bayahude ne, a can ya mutu a 1939. Waɗanda suke zuwa wurinsa manya ne, galibi 'yan gidajen masu hali, mutum ya kishingiɗa a doguwar kujera ya yi ta faɗin duk abin da ya zo masa a rai, mafarkinsa da abin da ya tuna na yarinta. Daga bakin waɗannan manyan ya gina ra'ayinsa kan yara. Ka riƙe wannan da kyau. Ko yaron nan ɗan shekara biyar da ya kira Ƙaramin Hans, mai tsoron dawakai, wanda ya wallafa labarinsa a 1909, kusan komai daga bakin uban yaron ya samo shi.

Sai libido, nan ne mutane suke tsayawa. Da an ji sai a ɗauka sha'awa irin ta manya ake jingina wa jinjiri. Abin da yake nufi ya fi haka faɗi, wani ƙarfi ne na neman daɗi a jiki wanda a ganinsa ake haihuwar mutum da shi, kuma yana tashi daga wani sashe na jiki ya koma wani yayin da yaro yake girma. Tun 1905 ya fara rubuta wannan, ya yi ta ƙari daga baya. Shi dai ya dage cewa tushen ƙarfin na jima'i ne, kuma hatta na kusa da shi ba duka suka yarda ba, Carl Jung ya ce ƙarfin rai ne gaba ɗaya, wannan saɓanin yana cikin abin da ya raba su a 1913.

In ka gane haka matakan ba wuya. Daga haihuwa zuwa wajen shekara ɗaya ko ɗaya da rabi daɗin a baki yake, shan nono da kai komai baki. Zuwa shekara uku lokacin koyon fo ne, yaro ya gano yana iya riƙewa yana iya saki, ya fara cewa a'a. Daga uku zuwa shida hankali ya koma kan al'aura da bambancin namiji da mace, a nan ya sa rikicin Odifos, sunan wani sarki a tatsuniyar Girka da ya kashe ubansa ya auri uwarsa bai sani ba, wai yaro yana son uwarsa ta zama tasa shi kaɗai yana kallon uba a matsayin abokin takara, a ƙarshe ya haƙura ya fara kwaikwayon uban. Daga shida abin ya lafa, sai makaranta da abokai, har balaga ta zo. Ya ce in yaro ya sha takura ko an sangarta shi a wani mataki sai wani abu nasa ya maƙale a wurin, misali wanda aka tsananta wa wajen koyon fo ya tashi da rowa da taurin kai da tsananin son tsari. Kar ka haddace jerin kawai, ka rufe takarda ka gwada faɗa wa abokinka da Hausa, inda ka kakare nan ne ba ka gane ba.

A 1923 ya raba zuciyar mutum gida uku, id mai cewa a ba ni yanzu, sufa-igo muryar iyaye da al'umma da ta zauna a cikin mutum, da igo mai sasanta su da halin da ake ciki. Da yawa suna saurin cewa ai nafsul ammara ce da lawwama. Akwai kama, amma kar ka haɗe su, Freud bai yarda da addini ba sam, a wurinsa babu maganar tsarkake zuciya don Allah, tushen biyun daban ne.

Toh yanzu aikin da ya fi muhimmanci, ka ɗauki kowane ra'ayi ka tambaya, an gwada shi? Bronislaw Malinowski, masanin al'adun al'umma, ya zauna da mutanen tsibiran Trobriand da ke gabashin New Guinea inda ake bin dangin uwa, kawu ne mai iko da yaro, ya nuna a 1927 cewa tsamin dangantakar ya fi karkata ga kawun, uba kuwa abokin wasa ne. Harry Harlow a Amurka ya haɗa wa jariran birai uwa biyu ta bogi, ɗaya ta waya mai bulumboti, ɗaya ta tsumma mai laushi ba madara, sai ga su suna zuwa su sha su dawo da gudu su manne wa mai laushin, kenan ba cikin baki da ciki kaɗai shaƙuwa take ba. Karen Horney, ita ma likitar wannan fanni, ta yi fatali da abin da Freud ya faɗa kan mata, wai yarinya tana ƙyashin al'aurar namiji, ta ce abin da mace take hange matsayin da al'umma ta ba namiji ne. Maganar fo da rowa kuwa binciken da aka yi daga baya bai tabbatar da ita ba.

Sannan ka auna da gidanku. Shi Freud gidan uba da uwa da 'ya'yansu ya sani. Mu kuwa ana shayarwa har kusan shekara biyu, ranar yaye a kai yaro wurin kakarsa, uwa tana alkunyar ɗan fari ko sunansa ba ta kira, wani ma goggo ce ta riƙe shi, ga abokiyar zaman uwarsa da yayye cike da tsakar gida. A irin wannan gidan wa yaro yake takara da shi, kuma a kan wa? Ka rubuta irin wannan a asaimen, ya fi kwafe handawut daraja nesa ba kusa ba.

Abin da na yarda ya cancanci a riƙe daga wurinsa shi ne shekarun farko suna barin tabo ko alheri, kuma mutum yana aikata abin da shi kansa bai san dalilinsa ba, kamar wanda oga ya ci wa mutunci a ofis ya dawo gida ya sauke a kan yara. 'Yarsa Anna Freud ta faɗaɗa irin waɗannan dabarun kare kai a 1936, Erik Erikson kuma a 1950 ya mai da matakan takwas har zuwa tsufa ya ba al'umma muhimmanci, shi ya kamata ka karanta bayan Freud.

A jarabawa ka kawo matakan daidai da shekarunsu, ka fara da "a ra'ayin Freud", ka biyo da suka guda biyu da sunan masu su. A aji kuma don Allah kar ka ɗora wa yaron mutane lakabi da wannan ilimin. Mai tsotsar yatsa ba wani maƙalewa za ka ce ya yi ba, ka lallaɓa shi. Wanda ya daɗe da daina fitsarin kwance ya dawo yana yi, ko mai surutu da ya koma shiru yana tsoron wani babba, ka zauna da iyayensa cikin sirri, a kai shi asibiti a duba, a kuma bincika me ya canza a gida ko a hanyar makaranta.