Yadda ake gane irin ƙasar gonarka da kwalba ɗaya da ruwa

Duk wanda ya yi noma a ƙasar Gombe ya taɓa ganin wannan: gonaki biyu kusa da juna, iri ɗaya, taki ɗaya, ruwan sama ɗaya, amma masarar wannan ta yi baƙi ƙirin don ƙoshi, ta wancan kuwa ta yi rawaya tun ba ta kai gwiwa ba. Sai a ɗora wa mai sayar da taki laifi. Sau da yawa ba shi ba ne, ƙasar ce ta bambanta. Akwai gwajin da za ka yi a tsakar gidanka, ba ka kashe ko sisi ba, ka san abin da ka daɗe kana takawa.

Ƙasa dai dutse ce da ya rududduge. Rana ta gasa shi, dare ya sanyaya shi, ruwa ya shiga tsagarsa, saiwa ta bi ta ƙara buɗawa, shekaru dubbai ana haka har ya koma gari. Garin nan kuwa kashi uku ne, gwargwadon girman ƙwayarsa. Yashi shi ne babba, daga milimita 2 zuwa 0.05, ido na ganinsa, yatsa na jin kaushinsa. Na tsakiya zan kira shi garin ƙasa, daga 0.05 zuwa 0.002, sulɓinsa kamar fulawa. Ƙurar da hunturu ke kwasowa daga yankin Bodele na ƙasar Chadi ta lulluɓe mana tagogi, yawancinta wannan ce. Sai laka, wadda ƙwayarta ba ta kai 0.002 ba, ita ce mai danƙo, ita masu ginin tukwane ke nema. Kowace gona cakuɗen ukun nan ce. Abin da muke so mu sani shi ne wanne ya fi yawa.

Kayan aiki: kwalba mai haske wadda gefenta ya miƙe sambal, mai murfi (gorar ruwa ta roba ma ta yi, in dai ba mai lanƙwasa ba ce), ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali ɗaya na omo, rula irin ta 'yan makaranta, biro ko maka, da rariya.

Mataki na farko shi ne ɗebo ƙasar, kuma a nan mutane suka fi yin kuskure. Kada ka tsaya a bakin gona ka yaɓo ta sama ka tafi. Share ciyawa da karmami, ka haƙa da fartanya kamar tsawon tafin hannu, santimita 15 zuwa 20, domin nan saiwar hatsi ta fi zama. Yi haka a wuri biyar ko shida, ka haɗa a bokiti ka cakuɗa. Ka guji gindin bishiya, da wurin suri, da inda aka taɓa jibge taki ko aka ƙona kara. In gonarka rabi tudu ce rabi fadama, to gona biyu gare ka, kwalba biyu za ka yi.

Na biyu, shanya ta a inuwa ta bushe, ka murmushe hoge da hannu, ka tankaɗe. Tsakuwa da saiwoyi su fita. Kada ka zubar da tsakuwar ba ka duba ba: in ja ce mai nauyi kamar tsatsa, alama ce akwai marmara a kusa, kuma jan nan ƙarfe ne da ya haɗu da iska da ruwa, daidai yadda tsohuwar garma ke yi in ta kwana a waje.

Na uku, zuba ƙasar cikin kwalba zuwa kashi ɗaya cikin uku, ka ƙara ruwa har ya kusa cika, ka bar ɗan wuri a sama. Sa omo ɗin. Kada ka raina shi. Karon farko da na gwada ban sa ba, sai lakar ta dunƙule ƙanana-ƙanana ta nutse da wuri tare da yashi, na ɗauka gonar jigawa ce, alhali damina na zuwa takalmi ke maƙalewa a cikinta. Aikin omo shi ne raba ƙwayoyin laka da juna. Rufe, ka girgiza da ƙarfi na minti uku zuwa biyar, har sai babu abin da ya manne a gindi.

Yanzu sai haƙuri. Ajiye kwalbar a wuri mai daidai, inda yara da kaji ba za su taɓa ba. Bayan minti ɗaya yashi ya gama zama, saboda nauyinsa. Ja layi a jikin kwalbar daidai inda ya tsaya. Bayan awa biyu garin ƙasa ya kwanta a kansa, ja layi na biyu. Laka ita ce mai taurin kai. Tana iya kwana biyu tana yawo a cikin ruwa, ta baƙar ƙasa ma har mako ruwan bai washe ba. In ya yi haske, ja layi na uku. Abin da ka ga yana iyo a sama, baƙi-baƙi, ruɓaɓɓen ganye ne da taki. In babu ko ɗigo, gonar na jin yunwa.

Lissafin ba wuya. Auna tsawon ƙasar duka daga gindi zuwa layi na uku, sannan ka auna kowane hawa. A ce duka santimita 10 ne, yashi ya ci 6, garin ƙasa 2.5, laka 1.5. Ke nan yashi kashi 60 cikin 100, gari 25, laka 15. In jimillar ba 10 ba ce, raba tsawon hawan da jimillar ka ninka da 100.

To me sakamakon ke gaya maka? A nan maganar ruwa ta shigo. Ruwan da ya sauka a gona hanya huɗu gare shi: ya gangara ta sama, ya nutse ƙasa ya tarar da ruwan rijiya, shuka ta sha, ko rana ta mayar da shi sama ya sake zama hadari. Girman ƙwayar ƙasa ne ke raba wannan gado. Yashi kamar rariya yake, ruwa na wucewa ya tafi da takin zamani, musamman yuriya. Shi ya sa in yashinka ya haura kashi 70, zuba buhun taki gaba ɗaya asara ce; raba shi biyu ko uku, ka yawaita kashin shanu, ka bar kara ya ruɓe a gona maimakon ƙonawa. Gero, gyaɗa da wake sun fi jure irin wannan ƙasa. In kuwa laka ta kai kashi 40, ruwa zai kwanta a watan Agusta, da rani kuma ta dare har ƙafar akuya ta faɗa. Shinkafa, auduga da dawa na sonta, masara kuwa sai da kunya mai tsayi da hanyar da ruwa zai fita. Wanda ya samu wajen yashi 40, gari 40, laka 20, sai ya gode wa Allah.

Ba mamaki ka ga naka ya bambanta da na ɗan'uwanka da ke wata ƙaramar hukuma, domin duwatsun da suka haifi ƙasar ba ɗaya ba ne. Yammacin jihar, ta wajen Dukku da Akko, dutsen yashi ne a ƙarƙashi, kuma irinsa ne ya sa zaizaya ke cin unguwanni a cikin garin Gombe: yashi ba ya riƙe juna, ruwa mai gudu na samunsa sai ya kwashe. A wasu wurare na kwarin Gongola da kudancin jihar kuwa baƙar laka ce, irin wadda ta yi wa Gombe suna a noman auduga. Farar ƙasar da ake yin siminti da ita a Ashaka ma a gindin teku ta taru, shekaru sama da miliyan 90 da suka wuce, har yau ana tsintar ɓawon halittun ruwa a cikinta.

In kana gona ba kwalba a kusa, ɗebi ƙasa cikin tafi, ka jiƙa ta kaɗan, ka mulmula. In ta ƙi dunƙulewa, yashi ne. In ta yi dunƙule, murza ta ta yi tsawo kamar igiya. Ta karye da wuri, tsaka-tsaki ce. In ka iya lanƙwasa ta ta zama zobe ba ta tsage ba, laka ce zalla, ka fara tunanin inda ruwan Agusta zai bi tun kafin a yi shuka.