Kurakuran da ƙananan masu sayar da tufafi suka fi yi da kuɗin rance, da hanyar gyara su

Sayar da tufafi na cikin sana'o'in da suka fi riƙe gidaje a Maradi, tun daga mai shago a babbar kasuwa, zuwa mai baza gwanjo a bakin titi, har zuwa matar da ke sayar da atamfa da hijabi daga cikin ɗakinta, yara suna kai wa maƙwabta su gani su zaɓa. Yawancinsu ba su da takardar fili ko albashin da banki zai riƙe a matsayin jingina, saboda haka idan jari ya gaza sukan nufi asusun ba da ƙananan rance, ko ƙungiyar mata, ko adashe. Cin bashi ba abin kunya ba ne, domin Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Abin da ke kayar da mutane shi ne bashi yana da ranar biya wadda aka rubuta a takarda, alhali turmin atamfa ba shi da ranar da za a saye shi, kuma yawancin kurakuran da ake yi daga nan suke tasowa.

Kuskuren da ya fi yawa, wanda kuma aka fi rainawa, shi ne karɓar rance a lokacin da ya samu maimakon lokacin da kasuwa ke bukatarsa. Cinikin tufafi a wannan yanki yana da lokutansa sanannu. Akwai ƙaramar Sallah, wadda ita ce babbar kakar masu yadi da shadda da kayan yara. Akwai babbar Sallah, wadda kuɗin rago kan rage mata ƙarfi. Akwai kaka, lokacin da manoman Tibiri da Madarunfa da Gidan Rumji suka sayar da wake da gyaɗa, aka shiga bukukuwan aure da haɗa lefe. Sai kuma sanyi, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin rigunan sanyi da barguna. Da damina kuwa, daga Yuni zuwa Satumba, kuɗin yawancin gidaje hatsi da aikin gona yake tafiya, kuma mai tufafi kan yini bai yi cinikin kirki ba. Wanda ya karɓi rance a farkon damina, aka ce ya fara biya bayan mako biyu ko wata ɗaya, da uwar kuɗin zai riƙa biya, kafin kaka ta zo rabin jarin ya koma inda ya fito ba tare da ya yi aikin komai ba.

Gyaran shi ne a yi lissafi daga ranar ciniki a dawo baya. Mai sayar da yadi tana bukatar kayanta su kasance a hannu kafin a kama azumi, domin teloli sukan daina karɓar ɗinki tun azumi bai yi nisa ba, kuma wanda ya san ba zai samu mai ɗinka masa ba, ba zai sayi yadi ba. Mai ɗinkakkun kayan yara ita tana da sauran lokaci, tunda cinikinta a goman ƙarshe yake tashi. A kan wannan sai a ƙara kwanakin tafiya sari da dawowa, da kwanakin da asusu zai ɗauka yana duba takardun neman rance. A tuna kuma cewa Sallah tana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, don haka lissafin bara ba ya yi wa bana aiki. Yana da kyau a nemi a ɗaga ranar fara biya idan asusun yana da wannan tsari. Wani bincike da aka yi kan mata masu rance a birnin Kolkata na Indiya, wanda aka wallafa a 2013, ya nuna cewa waɗanda aka ba wata biyu kafin su fara biya sun fi zuba kuɗin cikin sana'a kuma sun fi samun riba daga baya, sai dai kuma an fi samun masu kasa biya a cikinsu. Jinkirin yana amfanar wadda ta san abin da za ta saro, ba wadda za ta ajiye kuɗin a ɗaki tana ɗiba ba.

Na biyu shi ne rashin sanin ainihin abin da za a biya. Idan ma'aikacin asusu ya ce kuɗin ruwa kashi 2 cikin 100 ne a wata, maganar ba ta ƙare ba sai an san a kan wane kuɗi ake lissafa shi. A ɗauki misalin rancen jika 100, wato sefa 100,000, da za a biya kashi shida daidai cikin wata shida. Idan ana lissafa ruwan a kan jika 100 ɗin nan kowane wata har ƙarshe, za a biya ƙarin jika 12. Idan kuwa a kan abin da ya rage ake lissafawa, ƙarin jika 7 ne. Suna ɗaya ne, kashi 2, amma bambancin ya kusa ninki. Bayan wannan akwai kuɗin buɗe takardu, da na inshora, da ajiyar dole da wasu asusai ke riƙewa har sai an gama biya. Idan aka riƙe jika 20 cikin jika 100, jika 80 ne suka tafi kasuwa, amma ruwan jika 100 ake biya. Tambayoyin da suka dace a yi kafin sa hannu ba su da wahala: "Malam, nawa zan riƙe a hannuna ranar da aka ba ni, nawa zan biya jimilla, kuma nawa ne tarar kwana ɗaya idan na makara?" A nemi a rubuta amsar, wadda ba ta karatun Faransanci kuma ta tafi da wanda ta amince da shi ya karanta mata. A ƙasashen da ke ƙarƙashin babban bankin BCEAO, ciki har da Nijar, an ƙayyade tun daga 2014 cewa jimillar ruwan rancen ƙananan asusai ba za ta wuce kashi 24 cikin 100 a shekara ba, kuma hukumar ARSM ce ke sa ido kan waɗannan asusai a Nijar. Duk wanda ya zo unguwa yana karɓar kuɗin rajista da alƙawarin rance ya kamata a tabbatar yana da izinin aiki kafin a ba shi ko dala.

Mutane da yawa a Maradi suna guje wa rance mai ruwa saboda addini, kuma wannan matsayi ne da ya kamata a girmama. Mai irin wannan ra'ayi yana iya tambayar tsarin murabaha, inda mai ba da jari yake sayen kayan da kansa sannan ya sayar wa ɗan kasuwa da ribar da aka sani tun farko, a biya kaɗan-kaɗan. Ko a nan ma lissafin jimilla bai faɗi ba, domin ranar biya tana nan daram.

Sai babbar matsala, wadda a ganina ta fi duk sauran cin jari: haɗa kuɗin sana'a da kuɗin gida a jaka ɗaya. Wadda ke ciyar da iyali da sana'arta ba za a ce mata kada ta taɓa ciniki ba, tunda don cefane da magani da kuɗin makaranta ta fara sana'ar. Kuskuren shi ne ɗaukar duk abin da ya shigo da yamma a matsayin riba. Idan aka sayar da turmi a jika 8 wanda aka saro a jika 7, jika 1 ce kaɗai ta mai kaya, kuma a cikinta ne za a cire kuɗin mota da ruwan rance. Sauran jika 7 na kaya ne, dole su koma su sayo wani turmin. Gida ba ya cinye jari a rana ɗaya. Yau gudummawar biki, gobe suna, jibi yaro ya kwana da zazzaɓi, kuma kowanne ƙarami ne a ido, sai an wayi gari kanta ta yi fili ga kuma ma'aikacin asusu yana sallama. Bincike shida da aka haɗa aka wallafa a 2015, daga Bosniya da Habasha da Indiya da Meziko da Mongoliya da Maroko, sun nuna cewa ƙananan rance sun taimaka wa wasu wajen faɗaɗa sana'a, amma ba a ga sun ɗaga kuɗin shigar yawancin gidaje sosai ba. Wannan bai kamata ya ba kowa mamaki ba, domin ƙaramar riba ba ta iya ɗaukar nauyin gida da nauyin bashi a lokaci guda idan ba a yi mata iyaka ba.

Iyakar ita ce ƴar kasuwa ta yanka wa gidanta abin da zai riƙa samu kowace rana ko kowane mako, gwargwadon ribar da ta saba gani a watan da kasuwa ta kwanta, ba a watan Sallah ba. Kuɗin biyan rance a ware shi kullum da yamma kafin a taɓa komai, a ajiye shi inda hannu ba ya kai wa da sauƙi. Ya kamata kuma mai gida da manyan ƴaƴa su san nawa aka ranto da ranar biya, domin wanda bai san kaya na bashi ba ne, yana ganin ɗaki cike da atamfa zai ɗauka arziki ne ya sauka. Rashin lafiya da haihuwa da rasuwa su kuma suna bukatar ajiyarsu daban, kuma a nan mutanen Maradi suna da abin da duniya ta koya daga gare su. A wannan jiha ce ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a 1991, inda mata ke haɗuwa kowane mako suna zubi a akwati, suna ranta wa junansu, suna kuma ware wani ɗan kaso don taimakon wadda lalura ta samu, sannan a raba abin da aka tara a ƙarshen zagaye. Daga baya tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Wadda jarin da take nema bai wuce na turmi biyar ko goma ba, sau da yawa irin wannan ƙungiya ta ishe ta, ba sai ta je asusu ba.

Bayar da kaya bashi al'ada ce a cinikin tufafi, kuma wadda ta ƙi gaba ɗaya za ta rasa masu saye. "Hajiya, ki ba ni turmi biyu, in an yi albashi zan aiko" magana ce da kowace mai atamfa ta sani. Amma kayan da aka saro da kuɗin rance, idan aka bayar da su bashi, an zama ana biyan ruwa a kan kuɗin da ke hannun wasu. A rubuta kowane bashi da ranarsa a littafi, a karɓi aƙalla kuɗin sari a hannu a bar riba ta zama ita ce bashin, kuma kada a ƙara wa wanda bai biya na baya ba, ko da Inna ce ko Yaya. Ankon biki ya fi komai haɗari a wannan fanni, domin idan aka saro turmi talatin iri ɗaya ba a karɓi kafin alƙalami ba, bayan biki ba mai neman sauran.

Zuba rance duka a kaya iri ɗaya shi ma kuskure ne. Dilar gwanjo ba a san cikinta sai an kwance, kuma zanen da ake yayi bana yana iya kwantawa baɗi. Rance na farko a sa shi a kayan da aka riga aka san saurin fitarsu, gwajin sabon abu kuwa a yi shi da riba.

Masu zuwa sari Kantin Kwari a Kano ko Katsina ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya suna da ƙarin lissafi wanda da yawa ba sa yi. Farashin turmi ba shi ne abin da aka biya a shago ba. Sai an ɗora kuɗin mota, da dako, da na duwan, da masauki, da abin da ɗan canji ya ci, sannan a raba a kan yawan kayan. Sefa tana ɗaure da yuro a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya, naira kuwa tana hawa tana sauka, kuma ta faɗi ƙwarai bayan watan Yuni na 2023. Tunda da sefa za a biya rance, wanda ya yi ciniki da naira bai kamata ya riƙe ta kwanaki yana jiran ta tashi ba. Ita ma hanya ba ta da tabbas: Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, an kuma sake rufe iyakarta da Nijar bayan Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Mai rance ya kamata ya san wani babban ɗan kasuwa a cikin Maradi da zai iya sara a wurinsa idan hanya ta toshe, ko da ribar za ta ragu, domin asusu ba ya dakatar da lissafi saboda an rufe iyaka.

Idan biya ya fara wuya, mutane sukan ƙara kuskure a kan kuskure. Wasu sukan ranto daga asusu na biyu su biya na farko, su ɗauki adashe su biya na biyu, har bashi uku ya hau kan kanta ɗaya. Irin wannan tarin bashi na cikin abin da ya jawo rikicin ƙananan rance a jihar Andhra Pradesh ta Indiya a 2010. Wasu kuma sukan karɓi rance da sunansu su miƙa wa miji ko ɗan'uwa, alhali wadda ta sa hannu ita za a nema. A rancen ƙungiya, irin wanda bankin Grameen na Muhammad Yunus ya yaɗa daga Bangaladesh, abin ya fi nauyi, domin idan ɗaya ta kasa sauran ne za su cika ko a hana su rance na gaba, shi ya sa ba a shiga ƙungiya da wadda ba a san sana'arta ba don kawai ana jin kunyarta. Wadda ta ga ba za ta iya cika biyan wata ba, ta je asusu tun ranar ba ta zo ba, da littafin cinikinta da rasiɗan biyan da ta yi a baya da lissafin kayan da suka rage, ta nemi a sake tsara mata biya. Idan kuma akwai kayan da suka daɗe ba su fita ba, gara ta karya farashinsu ranar kasuwar Litinin ko ta Juma'a ta mayar da kuɗin sari, da ta bari tara ta fara hawa kullum.