Yadda ake zama mai jinya mai rajista ga mara lafiyar da ke amfani da tabar wiwi ta magani a jihar Michigan

A Amurka kowace jiha da nata tsarin game da tabar wiwi ta magani, don haka abin da ke nan na jihar Michigan ne kaɗai. Masu zaɓe a can sun amince da dokar a watan Nuwamba na 2008, kuma ita ta samar da matsayin mai jinya mai rajista, wato mutumin da mara lafiya ya zaɓa ya riƙa samo masa maganin, ya ajiye, ya kai masa, in an ba shi izini ma ya shuka masa. Hukumar da rajistar ke hannunta yanzu ita ce Cannabis Regulatory Agency, CRA a taƙaice.

Kafin ka taɓa fom, duba takardunka na zama a ƙasar. Katin rajistar mai jinya jiha ce ke bayar da shi, harkar shige da fice kuwa ta gwamnatin tarayya ce, kuma ita ba ta ɗauki katin Michigan a matsayin hujja ba. A watan Afrilu na 2019 USCIS, hukumar tarayya mai kula da shige da fice da zama ɗan ƙasa, ta bayyana cewa mallaka, shukawa ko rarraba wiwi na iya hana mutum samun shaidar kyawun hali da ake nema wajen zama ɗan ƙasa, ko da jiharsa ta halatta. Duk wanda ke zaune da biza ko katin zama na dindindin ya ga lauyan shige da fice tukuna. Sau da yawa mafita ita ce a bar wani ɗan gida da ya riga ya zama ɗan ƙasa ya ɗauki aikin. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ta fuskar addini, ya je wa malamin da ya yarda da shi da bayanin ciwon da abin da likita ya rubuta.

Wa ya cancanta

Sai wanda ya cika shekara 21. Kada a taɓa samunsa da babban laifi da ya shafi miyagun ƙwayoyi ko na cin zarafin wani da ƙarfi, komai daɗewar abin, kuma kada a same shi da kowane irin babban laifi a cikin shekara 10 da suka wuce. Hukuma tana binciken tarihin laifuka da kanta, ɓoyewa ba ta da amfani. Ba a neman takardar aikin jinya ko wani kwas.

Mara lafiya ɗaya, mai jinya ɗaya. Shi kuma mai jinya ba zai wuce marasa lafiya 5 ba.

Yadda ake shigar da takardu

Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne mai jinya ba ya neman kati shi kaɗai. Mara lafiyar ne ke nema, shi ke sa sunanka. Zai fara ganin likita mai lasisin Michigan wanda ya duba tarihin ciwonsa da gaske, ya tabbatar yana da ɗaya daga cikin cututtukan da doka ta lissafa: kansa, hawan jinin ido, cuta mai karya garkuwar jiki, ciwon hanta nau'in C, farfaɗiya, matsanancin ciwo mai daɗewa, tashin zuciya mai tsanani, da wasunsu. Takardar likitan tana da wa'adi, dole ta isa hukuma cikin wata 6 daga ranar da ya sa hannu.

Daga nan a cike fom na takarda, domin neman kati ta intanet na marasa lafiyar da ba su da mai jinya ne. A sauko da fom ɗin daga shafin CRA a ranar da za a cike, tsohon bugu na iya sa a mayar da takardun. Mara lafiya zai haɗa da shaidar zama a Michigan, kamar lasisin tuƙi ko katin shaida na jihar, kai ma ka haɗa kwafin katin shaidarka, ka sa hannu a naka ɓangaren. Kuɗin nema dala 40 ne tun 2019, ana biya da cek ko takardar aika kuɗi. Idan mara lafiyar ya riga yana da kati, akwai fom na daban na ƙara mai jinya ko canza shi.

A cikin fom ɗin akwai wani gurbi ƙarami da ke da nauyi ƙwarai: wa zai riƙe shukar, mara lafiya ko mai jinya? Ɗaya kawai ake zaɓa. In aka zaɓi mara lafiya sannan kai ka shuka a gidanka, katinka bai rufa maka asiri ba.

Doka ta ba hukuma kwana 15 na aiki ta amince ko ta ƙi, da ƙarin kwana 5 na aiki ta fitar da kati. Katin yana aiki shekara 2. Abubuwan da suka fi sa a ƙi takardu ƙanana ne: sunan da ke fom bai dace da na katin shaida ba, an manta kwanan wata kusa da sa hannu, kwafin bai fito sosai ba. Ku ɗauki kwafin komai kafin ku aika.

Idan mara lafiyar bai kai shekara 18 ba, sai likitoci 2 sun sa hannu, kuma mahaifi, mahaifiya ko waliyyin da doka ta sani ne zai zama mai jinyar.

Iyakar abin da za ka riƙe

Ga kowane mara lafiya da aka haɗa ka da shi a rajista, za ka iya riƙe oza 2.5 na wiwin da ya isa amfani, kusan giram 70 ke nan, da shuka 12 in kai aka ba izinin shukawa. Mai marasa lafiya 5 zai iya kaiwa shuka 60, in shi ma mara lafiya ne mai kati, 72.

Lissafin ya fi yadda ake zato wuya. A wurin doka, reshen da aka yanko aka dasa ya zama shuka da zarar ya fitar da saiwa ko an sa shi cikin abin da zai tsiro. Wanda ke da manya 12 ya kuma dasa rassa 6 don zagaye na gaba yana da 18, ya wuce iyaka. Abincin da aka haɗa da wiwi shi ma yana shiga cikin oza 2.5 ɗin: tun gyaran dokar na 2016, oza 16 na abu mai tauri ko oza 36 na mai ruwa daidai yake da oza 1 na ganye. Sai babban tarkon, lokacin girbi. Shuka 12 da aka girbe rana ɗaya za su ba da abin da ya ninka iyakar sau da yawa in sun bushe. Shi ya sa masu hankali ba sa cike gurbin 12 don kawai doka ta yarda, suna shuka daidai buƙatar mara lafiyar, su kuma rarraba girbin.

Wurin shukar dole ya zama rufaffe ta kowane ɓangare, mai kwaɗo, wanda ba mai shiga sai mai katin da aka ba izini. Ɗakin da mata, yara ko abokin haya ke da makullinsa bai cika sharaɗi ba. In a waje ne, sai an kewaye shi da shinge mai ƙarfi har sama, an kafe shi a ƙasa, kuma maƙwabci ba zai hango shukar da idonsa ba. A 2012 Kotun Ƙolin Michigan, a shari'ar Bylsma, ta nuna cewa masu jinya ba za su haɗa shukarsu wuri ɗaya su riƙa kula da ita tare ba. A 2020 kuma, a shari'ar DeRuiter da ƙaramar hukumar Byron, ta ce ƙananan hukumomi na da ikon ƙayyade inda mai jinya zai shuka. Saboda haka ka leƙa ofishin ƙaramar hukumarku kafin ka sayi ko fitila ɗaya. Mai haya ya karanta yarjejeniyarsa, domin mai gida na iya hana shukawa a rubuce. Tace man wiwi da iskar butane a cikin gida ko harabarsa haramun ne a doka, kuma yana haddasa gobara.

Kuɗi da wanda za ka ba

Za ka iya karɓar kuɗin abin da ka kashe wajen hidimar: wuta, taki, man mota. Ka riƙa rubutawa kana ajiye rasit. Amma mara lafiyarka kaɗai za ka ba. Ko wani ya nuna maka katinsa mai kyau, in ba a haɗa ku a rajista ba, ba naka ba ne, abin da hukuncin Kotun Ƙolin Michigan a shari'ar McQueen na 2013 ya nuna ke nan. Sayar wa wanda ba shi da izinin amfani na jawo ƙwace kati da ɗauri har shekara 2 ko tarar dala 2,000, ban da sauran tuhuma.

Kada ka shiga harabar makaranta ko gidan yari da shi. Kada ka ƙetare iyakar jiha, ko gadar Detroit zuwa Kanada, duk da cewa can ma an halatta. Mai tafiya ganin gida Najeriya kada ya sa ko ɗigon man a jaka, wurin jami'an NDLEA wiwi ne kawai, katin Michigan ba ya aiki.

Jinyar kanta

Nemi littafi ka riƙa rubuta abin da aka ba mara lafiya, nawa, ƙarfe nawa, da yadda jikinsa ya karɓa, ka tafi da shi duk ranar ganin likita. Wanda aka ci ko aka sha yana ɗaukar minti 30 zuwa awa 2 kafin ya fara aiki, kuma yawancin waɗanda abin ke yi wa yawa sun ƙara ne don sun ga shiru. A fara da kaɗan, a jira. Tsofaffi na iya jin jiri su faɗi, don haka a zauna kusa da su a ranakun farko. Likita ya san duk sauran magungunan da ake sha, musamman warfarin mai tsinka jini da clobazam na farfaɗiya, domin sinadarin CBD da ke cikin wiwi na canza yadda hanta ke sarrafa su.

Wiwin da aka shuka a gida ba ya bi ta gwajin da na shagunan masu lasisi ke bi. Ga mai shan maganin kansa ko wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, funfunar da ke kan ganyen da bai bushe da kyau ba na iya shiga huhu, don haka irin wannan mara lafiya ya fi dacewa a saya masa wanda aka gwada. A ajiye komai cikin akwati mai kwaɗo, musamman masu kama da alewa, inda hannun yaro ba zai kai ba.

Ranar da mara lafiya ya cire sunanka, ko katinsa ya ƙare ba a sabunta ba, ko ya rasu, izinin oza 2.5 da shuka 12 ɗinsa ya faɗi. Ka rubuta ranar ƙarewar kowane kati a kalanda, ku fara neman ganin likita wata 2 kafin ta zo.